Ɗakin Laraba

Ɗakina na ƙarshen baranda ne, bayan ɗakin allura,
a asibitin da ke kallon hanyar Dukku.
Ba sirinji a nan, ba farin gado,
tabarma ce, da kwanon yumɓu, da fensir masu launi,
da ƙofar da ba na rufewa sai yaro ya ce a rufe.

Larabar farko Manu bai zauna ba.
Shekara tara, riga a ɓalle har wuya
cikin zafin Gombe mai narkar da kwalta.
Ubansa Sale, mai faci a bakin tasha,
ya murza hula a hannu ya ce:
"Malama, ni in tayar mutum ta sace
ruwa nake tsoma ta, kumfa ta nuna min hudar.
Wannan kuwa wata uku ina dubawa.
Ba ci, ba barci, ga fitsarin kwance ya dawo,
in an yi sallama a zaure sai ya shige bayan randa."
Na ce, yaro ba a tsoma shi, Malam.
Zama ake yi a gefensa har ya gaji da riƙewa.

Ban tambaye shi komai ba.
Na zuba ƙwallayen dabino goma a tabarma,
na ce tsoron yau nawa ne?
Ya tura duka goman da yatsan ƙafa,
ya duba ko akwai saura.

Laraba ta uku muka sha kunun da babu shi.
Riƙe kofin, Manu, da zafi.
Shaƙi ƙamshin tsamiya. Hura a hankali kar ya zube.
Ya hura, ya hura,
kafaɗunsa suka sauko daga kunnuwa.

Da yumɓu ya gina gida ba ƙofa, ba taga.
Sai ya gina mutum, hannuwa manya, fuska babu,
ya kife kwano a kansa, ya danne da gwiwa.
Can, kamar mai magana da tabarma, ya ce:
"Ya ba ni alawa. Ni na karɓa."
Na ce, yaro ya karɓi alawa, alawa kawai ya karɓa.
Laifin na babba ne, ɗungurungum,
ko ƙwayar gero ba ta faɗo a kanka ba.
Na faɗa ranar, na faɗa mako mai zuwa,
don magana irin wannan ruwan yayyafi ce,
sai ta daɗe take jiƙa ƙasa.

Ta bakwai ta rushe mana gini.
Wani ya wuce a baranda da irin turaren mutumin,
Manu ya sandare, ido buɗe, shi ba ya nan.
Faɗa min abu biyar da kake gani.
Shiru. Sannan: fanka. Buta. Takalminki.
Ƙadangare a taga.
Na biyar fa? Ya ce, Baba.

Baban ma na zaunar da shi, shi kaɗai.
Kar ka ce masa ya manta, kar ka ce namiji ba ya kuka.
Sai ga namijin yana yi,
hawaye na wanke baƙin mai a tafin hannu.
Shari'a an ɗage ta sau biyu,
'yan unguwa na cewa a rufa asiri.
Asirin wa? in ji Sale.

Yau Laraba ta goma sha huɗu.
Maɓallin wuya a buɗe.
Ya ware ƙwallaye uku, ya yi tunani, ya ƙara ɗaya,
don gobe akwai makaranta.
Ya ɗauko tsohon gidan yumɓun, ya bushe ƙamas,
ya tofa masa yawu, ya sa ƙusa yana ƙwaƙula.

Me kake yi, Manu?
Taga, ya ce. Ƙofa sai wani makon.